Wa ya kai musu tuwo? Muhawarar zaure kan zanga-zangar Agusta

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na kwana biyu ban ce komai a nan ba, sai dai in leƙo in karanta in wuce. Jiya maiɗakina tana kakkaɓe ƙarƙashin gado ta jawo wani kwali duk ƙura, ta ce ko ta ba yara su hura gawayi da shi. Ina dubawa na ga kwalin da na ɗaga ne a zanga-zangar tsadar rayuwa a nan Kano, ranar Alhamis 1 ga Agusta 2024. Katan ɗin taliya ne na farke, na rubuta YUNWA MUKE JI a bayansa, wurin bai isa ba har sai da na maƙala "JI" ɗin a ƙasa.

Ni malamin makarantar kuɗi ne, albashina a lokacin dubu 35. Litar man da muke saye ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayu 2023 ta haura 600. Ko dubu 70 ɗin da aka sa wa hannu a matsayin mafi ƙarancin albashi ba ta sayen buhun shinkafa a lokacin, balle ni da ko ita ban samu ba. Ba wanda ya ba ni sisi na fita, tura ce ta kai bango.

Da safe abin gwanin sha'awa. Wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar gidanta da bokitin ruwan leda tana miƙa mana tana cewa Allah ya yi muku albarka. Kafin azahar komai ya canza. Wajen gidan gwamnati aka kunna tayoyi, barkonon tsohuwa ya turnuƙe, kowa ya yi ta kansa. A hanyar komawa na ci karo da wani yaro da bai wuce shekara 12 ba, ɗauke da kujerar ofis mai taya a ka. Na ce kai, ina za ka kai wannan? Ya ce wallahi ban sani ba, kowa ɗauka yake. Na ninke kwalina na cusa a riga na bi lungu na dawo gida. Da yamma gwamna ya sa dokar hana fita ta awa 24.

Ba wannan ne ke hana ni barci ba. Ranar 1 ga Nuwamba na ga bidiyon yaran nan da aka kama a zanga-zangar, a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, haƙarƙari a waje, huɗu suka zube ƙasa. Wata uku suna tsare. A cikin wata ukun nan ni da na ɗaga kwali ban taɓa tambayar inda aka kai waɗanda aka kama ba, ko sau ɗaya. Tambayata ke nan gare ku, kuma da kaina na fara: wa ya kai musu tuwo?

Sarkin Gardama:
Wa'alaikumus salam. Wanda ya turo su shi zai kai musu. Mu da muka ce kar a fita an zage mu tas, an ce mun ci kuɗi. Yanzu kuma sai a dawo ana mana kukan nadama.

Ɗan Gwammaja:
Ban yi nadamar fita ba, ka sake karantawa. Nadamar komawa gida in yi shiru nake yi.

Maman Husna:
Ƙanena Ɗan Gwammaja, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni na san wadda ta yi ƙoƙarin kai tuwon, maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ɗanta yaron shagon tela ne, ko aljihu bai iya ɗorawa daidai ba tukuna. Lokacin da aka fara ɗaga tutar Rasha wasu samari suka kawo yadi fari da shuɗi da ja suka ce a haɗa musu. Maigidansa ba ya nan, shi kuwa ya ga kuɗin shayi, ya zauna ya ɗinka. Ko a taswira ka ce ya nuna maka Rasha ba zai iya ba. Kwana biyu aka zo aka kwashe shi har da keken ɗinkin.

Uwar nan ta yi sati uku tana yawo da kwanon sha da kular abinci. Nan a ce ba ya nan, can a ce dawo gobe. Wani wurin a karɓi abincin a ce za a ba shi, ashe tuni an ɗauke shi daga garin. Ta sayar da akuyarta biyu da zannuwan aurenta ta ba wani da ya ce shi ya san hanya, daga ranar wayarsa a kashe. Ni na raka ta sau biyu, na uku maigidana ya ce in zauna kar a haɗa da ni. Ban ga laifinsa ba, amma na zauna ɗin, kuma har yau ina jin nauyinta in mun haɗu a wajen markaɗe.

Yaron ya dawo. Ba ya son magana. In ya ji jiniya sai ya tashi ya shige ɗaki.

Hajiyar Tudun Wada:
Innalillahi. Allah ya saka musu.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Ni ina cikin waɗanda suka hana ɗalibansu fita, kuma in yau aka sake zan sake hanawa. Ba a gayyace ni Abuja ba, ban ga ambulan ɗin kowa ba, babur ɗina ma a lokacin yana jingine babu mai. Hujjata ita ce tafiyar ba ta da jagora. Na tambayi matasan unguwarmu, in an harbi ɗayanku wa za mu riƙe? Wa zai ce a tsaya a nan kar a wuce? Suka ce ai ta intanet aka shirya. To intanet ba ta zuwa jana'iza. Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohin Arewa, 'yan sanda sun musanta, amma mu a unguwanni mun san gidajen da aka yi zaman makoki. Me aka samu? Man ma ƙara masa kuɗi aka yi a Satumba.

Zainabu 'Yar Jami'a:
Allah gafarta Malam, da girmamawa. Mun ji huɗubar kar a fita daga masallatai da yawa. Huɗubar a sako yaran fa, nawa muka ji tsakanin Agusta da Nuwamba? Wanda ya hana ka kuka ai shi ya kamata ya share maka hawaye.

Malam Na Zaure:
'Yata, wannan kam kin kama ni. Akwai malaman da suka yi magana, amma ni ban yi ba sai da bidiyo ya fito. Allah ya yafe mana.

Baffa Ɗan Santsi:
Yara, ku ba tsoho wuri. Jikata ce ke rubuta min, ni ina faɗa, don haka in kun ga kuskure nata ne.

Mahaifina ɗan NEPU ne tun ana kiransu 'yan iska marasa kunya. A Kano aka kafa ta ranar 8 ga Agusta 1950, mutum takwas kacal, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta. Malam Aminu a lokacin yana koyarwa a Maru, daga baya ya ajiye aiki ya dawo ya riƙe ta. Su waye suka cika ta? Teloli, mahauta, dukawa, 'yan koli, masu wankin hula, ƙananan malaman zaure. Ka ga tela da shiga uku a siyasa ba yau aka fara ba.

Abin da suka sha ku ba ku ga komai ba. Ɗan doka ya kama ka, alƙali ya ɗaure ka wata shida don ka ambaci sunan sarki babu "ranka ya daɗe". Ga 'yan Mahaukata, 'yan daban da ake turo wa 'yan NEPU, da gora. Hajiya Gambo Sawaba an ce sau 16 ana ɗaure ta, mace, a zamanin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita.

Amma ga abin da na gani da idona ina yaro. An ɗaure babanmu wata uku. Tun daren da aka tafi da shi wani mahauci ɗan jam'iyya ya aiko da tsoka biyu a ganye. Kowace Juma'a sakataren reshe zai zo ya tsuguna a soro ya miƙa wa innarmu sule biyu, ya buɗe wani littafi mai baƙin bango ya sa ta dangwala. Kuɗin daga kwabo-kwabon da 'yan reshe ke zubawa ne. Akwai wanda aikinsa kawai ya san gidan yarin da aka kai kowa. Ranar da aka sako shi da kalangu aka rako shi har ƙofar gida. Shi ya sa washegari ya koma wajen lacca. Mutum yana iya jure sarƙa in ya san an ɗora tukunya a gidansa.

Ku kuwa kun tara dubban mutane a rana ɗaya, abin da NEPU sai ta shekara tana bin ƙauyuka a keke ba ta tara ba. Amma ba ku da littafi mai baƙin bango.

Sarkin Gardama:
Baffa barka da hutawa. To duk da littafin, NEPU ta taɓa kafa gwamnati? A zaɓen 1959 kujera takwas ta samu. Wahalar banza kawai, ɗauri da bulala, 'ya'yansu kuma ga su nan muna hawa Adaidaita tare.

Baffa Ɗan Santsi:
Kai yaro, ka taɓa biyan haraji na kai? Ka taɓa ganin an tsayar da ubanka a rana a ƙofar dagaci don bai cika kuɗin ba? Ka taɓa ganin Bafulatani yana ɓoye shanu a daji saboda jangali? Ba ka taɓa ba. A 1979 da PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su. Maganar da aka fara a 1950 ke nan, shekara 29 kafin ta nuna. 'Yan doka da kotun sarki da gidan yarin En'e duk an karɓe su daga hannun sarakuna, kana zaton haka kawai aka yi mafarki? Kana cin 'ya'yan itacen kana tambayar amfanin wanda ya dasa.

Ba kuma zan ɓoye namu laifin ba. Mun dare gida biyu, Santsi da Taɓo, muka koma zagin juna a gidan rediyo. A Yuni 1981 aka tsige Balarabe, a 10 ga Yuli aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara, a Kano. Malam ya rasu a Afrilu 1983 gidansa a rabe. Ni ina cikin waɗanda suka yi masa rashin kunya a lokacin, kuma duk sanda na wuce gidansa na Mumbayya sai na sunkuyar da kai.

Zainabu 'Yar Jami'a:
Baffa Allah ya ƙara lafiya. Sai dai ina da ja kaɗan. Kullum in aka zo maganar gwagwarmaya sai a ɗauko mana NEPU kamar hoton biki. Zamanin ya bambanta. Su sun san abokin faɗansu, ga fadarsa can ana gani. Mu fa? Wanda ya ce a cire tallafi yana Abuja, wanda ya ba shi shawara yana Amurka, wanda ya ɓoye masara yana Dawanau, wanda ya karɓi taliya da atamfa ya dangwala musu kuma yana cikin gidanmu, wataƙila ma shi ya haife mu. Ƙofar wa za mu je?

Sannan duk wanda ya ɗan yi suna a cikinmu, wata shida ka ji an ba shi mataimaki na musamman kan kafafen sada zumunta. Na san mutum uku da muka yi ihu tare, yanzu aikinsu kare abin da suka zaga.

Sarkin Gardama:
In da ni kike, ki kira suna.

Zainabu 'Yar Jami'a:
Ban kira ba, amma tunda ka amsa.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a bi a hankali. Ban da gugar zana. Duk wanda ya zagi wani zan cire shi na kwana uku, kun san ba na wasa.

Sarkin Gardama:
Bari in faɗa da bakina tunda an fara. E, ina yi wa wani ɗan siyasa aiki a Facebook. Dubu 20 a wata da kuɗin data, wani watan ma sai an yi ta bi. Na gama digiri shekara bakwai ke nan, takarduna har sun fara cin kunne a cikin leda. Mahaifiyata tana da ciwon suga. Ku masu aƙida wanne ne a cikinku ya taɓa saya mata allura? Mutumin da kuke zagi shi ya biya kuɗin gadonta a asibiti bara. Na san kuɗinmu ne ya sata ya ɗan yafito min, ba sai kun gaya min ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Maman Husna:
Allah ya ba Mama lafiya. Gaskiya ban zaci haka ba, na ɗauka kai ɗan gata ne.

Baffa Ɗan Santsi:
To ka ga abin da nake faɗa. Da akwai littafin, da ba ɗan siyasa ne zai biya kuɗin gadon ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na ƙetaren iyaka. Ina biye da ku tun ɗazu. Kalmar Sawaba ɗin nan mu ma a Nijar tamu ce. Jam'iyyar Djibo Bakary ke nan, wadda ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, aka haramta ta a 1959. Da aka matsa musu, da yawa Kano suka gudo, 'yan NEPU suka ɓoye su. Kakana ya ce wani mai sayar da goro a Fagge ya ajiye shi wata huɗu a matsayin yaron shago, bai taɓa tambayar shi ko dala ba.

Abin da nake so in ƙara shi ne na 2005. Gwamnatin Tandja ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari bisa shinkafa da madara da sukari da fulawa, har ruwa da lantarki. Ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago da 'yan kasuwa suka haɗu. Ba ƙone-ƙone aka sa gaba ba, cewa aka yi kowa ya zauna gida, gari ya mutu. Na ga kasuwar Maraɗi ko mai ƙosai babu. An kama jagororin, su Nouhou Arzika, amma da yake an san su, an san inda aka kai su, kullum sunansu na cikin rediyo, ba a jima ba aka sako su, gwamnati ta janye harajin daga mafi yawan kayan. Wanda aka san sunansa wuyar ɓatarwa gare shi.

Maganar tutar Rasha kuwa, mu muka fara ɗaga ta a Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ku kuka gani a waya kuka ɗauka. Yau a wurinmu an rusa jam'iyyu gaba ɗaya. Ba zan tsawaita ba, kun san dalili. Ina dai ce wa masu kiran soja su zo, ku tambayi wanda ya riga ku.

Ɗan Gwammaja:
Tutar nan ita ta kashe mu wallahi. Daga ranar aka daina maganar kuɗin masara aka koma maganar cin amanar ƙasa. Har wasu ɗalibai 'yan Poland da suka zo Jami'ar Bayero aka kama, mutanen da ƙasarsu ma ba ta ga maciji da Rasha.

Anti Lauya:
Na shigo a makare, ina kotu tun safe. Bari in ɗan sa baki ta ɓangarena, don na ga ana ta cewa ba abin da za a iya yi.

Fita zanga-zangar lumana ba laifi ba ne, sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka. Neman izinin 'yan sanda ma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba dole ba ne tun 2007. Kun san wa ya kai ƙarar? ANPP da wasu jam'iyyu, bayan an watsa taronsu da barkonon tsohuwa a nan Kano a 2003, lokacin Buhari yana adawa. Duniya juyi-juyi.

Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun na da nisa. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa majistare ya riƙa leƙa wuraren da ake tsare mutane duk wata. Yaro kuma ba a haɗa shi da manya, ba a gurfanar da shi kamar babba. Duk a rubuce suke. Amma doka kamar rijiya ce, sai an zura guga.

Mu da muka yi aikin sa kai a lokacin, abin da ya fi ba mu wahala ba alƙali ba ne, sunaye ne. Uwa za ta zo ta ce an kama Abba. Abba wa? Sunansa na yanka? Shekarunsa? Takardar haihuwa? Babu. Ranar da aka kama shi, a ina, wa ya gani? Wasu iyayen ma ɓoyewa suke don kar unguwa ta ce ɗansu ɓarawo ne. Shi ya sa da mai gabatar da ƙara ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ai duk manya ne har da masu aure, ba mu da takardar da za mu ɗaga a wuce wurin. Aka sa belin naira miliyan 10 kowane, da mai tsaya masa babban ma'aikacin gwamnati. Yaron da uwarsa ke sayar da awara.

Kuma ku lura da abin da ya fito da su. Ba hujjar lauya ba ce. Bidiyo ne ya zaga duniya ranar Juma'a, ranar Litinin 4 ga Nuwamba shugaban ƙasa ya ce a sake su, washegari aka kai su fadar gwamnati mataimakinsa ya miƙa su ga gwamnoni. Kwana huɗu. Da a ce tun Agusta akwai masu bibiya suna kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ban ce ba za a tsare su ba, amma da wuya a kai wata uku.

Hajiyar Tudun Wada:
Ni dai tsoro nake ji. A 2022 ba a nan Kano aka yanke wa wasu samari biyu 'yan TikTok bulala 20 da sharar kotu ba saboda sun yi wa gwamna shaguɓe? Ni na hana 'ya'yana ko sharhi su yi a kan gwamnati. Bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne.

Baffa Ɗan Santsi:
Hajiya, bulalar ce dai ta zamanin babanmu, ko dorinar ba a canza ba.

Zainabu 'Yar Jami'a:
Akwai kuma abin da ba ma so mu faɗa. Tun muna yara ake koya mana cewa na gari shi ne wanda ba ya ɗaga ido ya kalli babba. Haƙuri, kunya, kawaici. Kyawawan abubuwa ne a cikin gida, ina alfahari da su. Amma sai muka kwashe su muka kai wa kansila da ciyaman, mutanen da mu muka ɗauke su aiki. Rijiyar burtsatse da aka yi da kuɗinmu sai mun je godiya da mawaƙi. Yaron da bai taɓa koyon yadda zai tsaya gaban babba ya ce ranka ya daɗe wannan ba daidai ba ne cikin ladabi, ranar da ya fusata ba abin da ya iya sai jifa. Ɗayan biyu muke da shi, durƙuso ko dutse.

Malam Na Zaure:
Wannan ba daga addini ba ne, 'yata. Shehu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a kan zaluncin sarakuna da harajin da suke ɗora wa talakawa, jangali na ciki. Amma kafin ya ce uffan ga Gobir sai da ya tara jama'a ya karantar da su, maza da mata. Ni abin da na ƙi shi ne gayya babu mai gayya.

Ɗan Gwammaja:
Malam, a Janairu 2012 ma ai mun fita, lokacin da Jonathan ya kai lita daga 65 zuwa 141. Ina ɗalibi, na kwana a shataletalen Silver Jubilee, Kiristoci suka kewaye mu muna sallah. Aka dawo da ita 97. Bambancin da na gani, a lokacin ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da ƙasa, akwai lauyoyi, akwai malaman jami'a a gaba, akwai wanda gwamnati za ta kira teburi. Wasu daga cikin waɗanda suka zuga mu a 2012 su ne a kan mulki a 2024 suna ce mana zanga-zanga fitina ce. Wannan ma ya isa ya sa mutum ya daina bin kowa.

Sarkin Gardama:
Yawwa, ka dawo hanyata ke nan.

Ɗan Gwammaja:
Ban dawo ba. Na ce in daina bin kowa, ban ce in daina bin yaron da aka kama a gefena ba.

Maman Husna, keken ɗinkin fa, an dawo da shi?

Maman Husna:
Ina fa. Maigidan ya bi har ya gaji. Ya ce ba zai iya sake ɗaukar yaron ba, shi ma keke ɗaya ya rage masa. Yanzu yaron yana bin masu gini yana ɗaukar bulo, ranar da aka samu. Uwar ta ce da zai samu ko na hannu ne ya zauna a soro yana facin kaya, da hankalinta ya kwanta.

Anti Lauya:
Ki turo min bayanin ta akwatin sirri, ranar da aka ɗauka da inda aka kai. Kayan da ba a gabatar a kotu ba ana iya neman a sako su. Ba na alkawari, irin waɗannan kan yi ƙafa, amma zan rubuta takarda.

Ɗan Gwammaja:
Kafin nan, mu 412 ne a zauren nan. Mai Kula, in ka yarda a buɗe asusu a hannunka. Ko ɗari biyar-biyar ce. Ni na fara da dubu biyu, iyakar abin da zan iya ke nan kafin albashi.

Mai Kula da Zaure:
Na yarda, da sharaɗi. Duk abin da ya shigo zan rubuta shi a nan da sunan mai shi, kowa ya gani. Maman Husna da Malam Na Zaure su za su je kasuwa su sayo, su kawo rasit. Ba na son gobe a ce na ci.

Mai Kula da Zaure:
Kwana biyu ke nan. Mutum 186 sun karanta sanarwar, tara suka turo. Jimla dubu 23 da ɗari biyar. Wanda ya fara turowa Sarkin Gardama ne, dubu uku, ya ce kar in faɗa, amma sharaɗi sharaɗi ne.

Sarkin Gardama:
Kuɗin data ne na wannan watan. Kar wanda ya ɗauka na canza ra'ayi.

Ɗan Maraɗi:
Nawa jikka biyu ce ta sefa, zan ba direban da ke zuwa Kano ranar Laraba, sai a canza a Wapa.

Maman Husna:
Na gaya wa uwar, ta yi ta kuka. Amma yaron ya ce don Allah kar a ɗauke shi hoto ranar da za a kawo, kar kuma a sa sunansa a ko'ina. Na ce masa ba za a sa ba. Na hannu mai ɗan kyau sun ce sai an ƙara kusan rabin abin da aka tara.

Baffa Ɗan Santsi:
Ni ban iya turawa ta waya ba, jikar tawa kuma za ta koma makaranta gobe. Akwai dubu biyar a ƙarƙashin filona. Ɗan Gwammaja, in ka taso daga aiki ka biyo ta wajena bayan la'asar, ina zaune a dakalin masallaci. Ka taho da littafi mai ɗan kauri da biro.